Takardar Shaida a Cikin Roba

A shekarar da kogin Siret ya shiga gidan Costache Bejenaru ta taga, ruwan bai ci masa saniya ko ɗaya ba, takardu kawai ya ci. Da aka buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, sai aka tarar takardar gona da ta aure da ta haihuwar kowa sun narke sun haɗe wuri guda kamar ƙullun ƙosai. Shekara biyu ya yi yana zarya daga wannan ofis zuwa wancan kafin hukuma ta yarda cewa an haife shi. Tun daga nan duk takardar da ta shigo gidansa sai ya kai ta shagon fotokwafi na bakin kasuwa an liƙe ta cikin roba. Ya liƙe takardar gona. Ya liƙe katin rigakafin shanu, da lasisin motar da yake bin ƙauyuka da ita yana tara madara, har da hoton aurensa da Aurica, wadda yanzu shekararta tara a Italiya tana wanke wata tsohuwa da 'ya'yanta suka gaji da ita. A ofishin ƙaramar hukuma babu wanda ya taɓa ce masa uffan. Sun san shi, madararsa suke sha.

Saboda haka ranar da 'yarsa Smaranda ta karɓo takardar shaidar gama sakandare, ta ɗauki hotonta da waya ta aika wa jami'a, ta miƙa masa ya adana, abin da ya saba yi shi ya yi. Har ƙarin kuɗi ya biya aka sa mata roba mai kauri.

Likitancin dabbobi Smaranda take so ta karanta. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take zura hannu cikin saniya mai naƙuda ba ta ko yamutsa fuska. A jami'ar birni gurabe iri biyu ne. Akwai na gwamnati, wanda ɗalibi ba ya biyan komai, har gado ake ba shi a ɗakin kwana. Akwai kuma na biya, wanda 'ya'yan masu tara madara suke karanta kuɗinsa a allon sanarwa su wuce. Yarjejeniyar Smaranda da uwarta a fili take: in ta samu gurbin gwamnati bana, ta yi karatu, in ba ta samu ba, ta hau motar Italiya, akwai wani tsoho a maƙwabta da ke neman mai juya shi a gado.

Bara guraben gwamnati sittin ne a sashen. Bana, cikin watan Yuni, aka sanar daga babban birni cewa za a daidaita kasafin kuɗi. A Romaniya gwamnati ba ta rage abu, daidaita shi take yi, kamar yadda mahauci yake daidaita rago. Sittin suka koma talatin da takwas. Aka soke zagaye na biyu na ɗaukar ɗalibai da aka saba yi a Satumba. Kuma tun da za a tura ma'aikatan ofis hutun dole ba albashi daga farkon Agusta, sai aka jawo wa'adin kawo takardar asali daga goma ga Satumba zuwa Juma'ar ƙarshen Yuli, ƙarfe goma sha biyu na rana. Wanda bai ajiye tasa a ofis ba kafin lokacin, gurbinsa ya faɗa hannun na ƙasa da shi.

Ran Laraba jerin sunaye ya fito. Smaranda ce ta talatin da bakwai.

Ran Alhamis suka hau jirgin ƙasa na safe. Costache ya bar wa surukinsa motar madara, ya sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita, ga zafi tun ƙarfe bakwai.

"Baba, ka dai ɗauko ta ko?" in ji Smaranda.

Ya daki ƙirjinsa, inda fayil ɗin yake a ƙarƙashin kwat.

"Nuna mini in gani. Kai da ka taɓa tafiya kasuwa sayar da maraƙi ka manta maraƙin a gida."

"Uwarki ce ta ba ki wannan labarin, kuma ƙarya ne. Igiyar na manta."

Ya zaro takardar ya miƙa mata da hannu biyu. Tana sheƙi, ta yi ƙarfi kamar faranti. Smaranda ta juya ta, ta ƙwanƙwasa ta da farce, ta yi dariya.

"Har ita ma? Ranar da zan yi aure sai ka kai mijin an liƙe shi."

"In irin samarin ƙauyenmu ne, ai sai ya fi ƙarko."

Ta mayar masa, ta jingina kai da taga ta yi barci. Shi kuwa bai runtsa ba, yana ta ƙirga shanun mutane a gefen hanya yana raina kiwonsu.

Barandar ofishin sashen doguwa ce, an cire ƙwan fitila ɗaya cikin kowane biyu. A kan benci kusa da tagar sakatariya wata mata ce zaune, mai jiki, da kwando a gefen ƙafarta da fulas na kofi. Takarda ce a kan cinyarta, fensir a hannunta. Tun kafin gaisuwa ta tambayi Costache:

"Lamba nawa?"

"Talatin da bakwai," ya ce, ya ɗan ɗaga murya don na bayansa su ji.

"Barka." Ta ja layi a takardarta. "Saura shida ke nan. Zauna, Domnu, layin ba ya sauri, mutum ɗaya ce a ciki tana aikin mutum uku." A ƙasar, Domnu ake ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Doamna.

Sunanta Paraschiva, a gidan burodi take aiki. 'Yarta ce ta talatin da tara, wato ta farko a ƙarƙashin jan layi. Yarinyar ta kulle kanta a ɗaki ta ƙi fitowa, ita kuwa uwar tun Laraba take kan bencin nan da takardar 'yarta ta asali a cikin kwando, ƙarƙashin tuffa. Duk wanda ya zo ya ajiye tasa, sai ta soke sunansa.

"Ba fatan sharri nake yi wa ɗan kowa ba, Allah ne shaidata," ta ce, ta miƙa masa tuffa. "Ina dai roƙon wani ya samu abin da ya fi wannan a wani gari. Da makin nan nata, bara da tana hamma za ta shiga."

Costache ya karɓi tuffar, ya ba ta haƙuri irin na wanda 'yarsa take saman layi. Ya ce mata Allah ba ya barci. Ta ce ita ma kwana biyu ke nan ba ta yi ba.

Sakatariyar, Doamna Otilia, shekararta talatin da ɗaya a bayan tagar nan. Siririya ce, gashinta fari tas, tabarau na rataye a wuyanta da igiyar takalmi. Ta karɓi fayil ɗin daga hannun Smaranda, ta duba hotuna, ta duba takardar likita. Da ta zo kan takardar shaida ba ta ko karanta ta ba. Ta riƙe ta da yatsu biyu, ta sauke numfashi.

"Wa ya yi wannan?"

Costache ya matso. "Ni ne, Doamna. Mai kaurin ce. Ko cikin rijiya ta faɗa..."

"Daga bakin kogi kuke?"

"Daga can muke."

"Na sani. Kowace shekara sai na samu uku ko huɗu, duk daga bakin kogi." Ta sa tabarau ta dube shi. "Domnu Bejenaru, an taɓa kawo mini takardar da akuya ta ci gefenta, na karɓa. An kawo wadda aka ɗora tukunya a kanta, na karɓa. Wannan ba zan iya karɓa ba. A doka, takardar da aka liƙe a roba lalatacciya ce. Ba a jin tambarin da aka danna a jikinta, ba a sanin ko ta gaskiya ce a ciki. Kuma dole in buga hatimi a bayanta, don kada a kai ta wata jami'a a ci gurbi biyu. Duba."

Ta ɗauki hatimi ta buga a bayan robar. Tawadar ta tsaya ɗigo-ɗigo. Ta sa babban yatsa ta shafe, wurin ya koma fes.

"Amma ta gaskiya ce," in ji Costache. "A gabana aka liƙe ta."

"Na yarda da kai. Ni ba ni da amfani a nan, takardar ce ake tambaya."

Smaranda ta dafa katakon tagar. "Doamna, su waɗancan ukun ko huɗun, yaya kike yi da su?"

"In sa fotokwafi a fayil, in rubuta da fensir a gefe. Su je su sanar a jaridar gwamnati cewa tasu ta lalace, makarantarsu ta nemo musu sabuwa, wata ɗaya ko wata ɗaya da rabi. Su kawo mini a Satumba, in goge fensir ɗin, babu wanda ya ji. Bana babu Satumba, 'yata." Ta rage murya, ta nuna benci da haɓa. "Kuma da can gurabe suna ragowa, babu mai zama yana ƙirga wa mutane numfashi. Matar can ta fi ni sanin dokar yanzu. Ba na ganin laifinta. In na karɓi wannan, ran Litinin za ta kai ƙara, kuma za ta yi nasara, ni kuma saura wata goma sha huɗu in yi ritaya."

Ta dubi fayil ɗin, sannan ta ce akwai ƙofa ɗaya, ƙarama. In makarantarsu ta rubuto wasiƙa mai hatimi cewa an nemi sabuwar takarda kuma tana hanya, za ta hau da ita wurin shugaban sashe da kanta, wataƙila ya sa hannu. Amma kafin sha biyun gobe.

Da suka juyo, Paraschiva ta ɗago kai. Ta ga fayil ɗin har yanzu a hannun yarinyar. Ta dubi takardarta, ta juya fensir, ta goge layin da ta ja, a hankali, tana kare shi da tafin hannu kamar abin kunya.

A cikin motar komawa Costache ya cire kwat ya naɗe a cinya. Da suka wuce gonakin masara, ya juya ga Smaranda, wadda yake kira Anda a gida.

"Ki yi mini faɗa mana."

"Na gaji, Baba."

"Ban sani ba, Anda. Babu wanda ya taɓa gaya mini."

"Na san ba ka sani ba. Da ka sani da na samu wanda zan zaga."

Makarantar tasu tana bakin titi, kilomita huɗu kafin ƙauye. Sarƙa suka tarar a ƙofa. Ita ma an daidaita ta a ƙarshen Yuni, an haɗe ta da babbar makarantar gari, abin da kowa ya sani amma babu wanda ya zauna ya yi tunanin ma'anarsa. Wata tsohuwar mai shara da ke kiwon agwagi a filin wasa ta ce an kwashe takardu cikin kwalayen ayaba an jibge a zauren motsa jiki na can gari, mabuɗin yana hannun sakatariya, sakatariya kuma tana wurin ƙanwarta a bakin teku sai ƙarshen Agusta. Ta ba su lambar shugaban makaranta.

Shugaban ya ɗauka a bugu na uku, ana jin ƙarar injin yankan ciyawa a bayansa. Ya san Smaranda, shi ya koya mata ilimin halittu. Ya saurari Costache har ƙarshe, sannan ya kira shi da Nea, yadda ake girmama dattijo a can.

"Nea Costache, wasiƙa ko goma zan rubuta, da zuciya ɗaya. Amma hatimin tsohuwar makaranta na mayar da shi tun ɗaya ga wata, har na sa hannu. Na sabuwar kuma ba a sassaƙa ba, ana jiran kuɗi. Wasiƙa ba hatimi ai wasiƙar soyayya ce."

"To wa zan gani?"

"In ka same shi ka gaya mini, ni ma nemansa nake. Ban ma san ko ni shugaba ne ba tukuna."

Mai shagon fotokwafi ne ya kawo shawarar ƙarshe, bayan ya rantse cewa shi abin da aka ce ya liƙe yake liƙewa, ba lauya ba ne. Ya ce a bayan babban cocin birni akwai wani tsoho mai ɗinkin littattafai, Nea Sofronie, wanda yake gyara littattafan coci da ɓera da laima suka ci. In akwai mai iya raba takarda da roba a ƙasar nan, shi ne.

Ran Juma'a suka sake hawa jirgin safe. Wannan karon babu wanda ya yi barci, babu wanda ya ƙirga shanu.

Shagon Nea Sofronie a ƙarƙashin bene yake, yana warin gam da tsohuwar fata. Sai ƙarfe tara da rabi ya buɗe, don ba ya aiki kafin ya sha kofi, kuma ya faɗa musu haka ba tare da neman gafara ba. Ya ɗaga takardar a hasken taga, ya lanƙwasa kusurwarta, ya shinshina.

"Wa ya ce ka sayi mai kyau?" ya tambayi Costache. "Da mai arahar ka sa, da wuƙar cin abinci zan ɓare ta. Talaka bai taɓa sayen abu mai kyau ba sai inda zai cuce shi."

"Za ta ɓaru?"

"Ɓaruwa za ta ɓaru. Abin tambaya shi ne wa tawadar za ta bi, takarda ko roba. Da zafi aka liƙe ta, gam ɗin ya shiga jikinta. Ina iya yin nasara, ina iya ba ku tsumma." Ya juya ga Smaranda. "Taki ce, 'yammata, ba tasa ba. Ke za ki ce."

"Yanzu ma ba ta da amfani, Nea Sofronie. Ɓare ta."

Ya yanke gefunan huɗu da reza. Ya shimfiɗa ƙyalle a kai, ya ɗora dutsen guga mai ɗumi-ɗumi, ya ɗaga, ya zura wata siririyar wuƙar ƙashi, ya tura ta kamar faɗin gashi, ya sake ɗora dutsen. Haka ya yi ta yi. Agogon coci ya buga goma. Costache yana tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa. Shekara goma sha bakwai yana biyan kuɗi don kada komai ya iya shiga tsakanin takardunsa da robarsu, ga shi kuwa kuɗinsa bai tafi a banza ba.

Bayan takardar ya fita lafiya, fari ƙal. Smaranda ta saki numfashi, har ta dubi ubanta, karo na farko tun jiya. Tsohon ya juya gaban. Tambarin ƙasa da ke sama ya fita. Sunan makaranta ya fita, ya ɗan dushe. Agogo ya buga sha ɗaya. Wuƙar ta iso tsakiya, inda aka buga suna da maki da injin ofis, da wata tawada daban. Nea Sofronie ya ɗora dutse, ya tura, ya tsaya. Ya sake gwadawa ta ɗaya gefen. Sannan ya ɗaga robar kaɗan don su gani da idonsu.

Sunanta yana jikin robar, harafi bayan harafi, da makin duka. A kan takardar kuwa wani farin fili ne mai gashi-gashi, kamar inda aka ɗaye ƙurji.

"Tawadar ofis ce," ya ce. "A sama take zama, ba ta shiga takarda. In ci gaba ko in tsaya, duk ɗaya ne yanzu."

"Ƙarasa," in ji Smaranda.

Ya ƙarasa. Ya sa mata guda biyun a cikin ambulan. Costache ya zura hannu a aljihu, tsohon ya girgiza kai, ya ce shi ba ya karɓar ladan jana'iza.

Sha biyu saura ashirin da biyar suka shiga barandar. Babu layi. Paraschiva tana wurinta, ta sa rigar coci, ta ɗaure gashi, kwandon yana kan cinyarta ta rungume shi. Duk sauran sun zo sun ajiye nasu. Suna ɗaya ne ya rage a takardarta ba a soke ba.

Doamna Otilia ta zazzage ambulan ɗin a kan katako. Ta ɗora robar a kan takardar, ta daidaita su da yatsa har sunan ya zauna a mazauninsa. Ta ɗaga, sunan ya tashi tare da robar. Ta daɗe tana kallo.

"Ku jira ni," ta ce.

Ta rufe tagar, ta fito ta ƙofar gefe da guda biyun a hannu, ta hau bene tana dafa bango. Costache ya zauna a ƙarshen benci. Tsakaninsa da Paraschiva akwai wurin mutum uku, babu wanda ya zauna a ciki. Smaranda ta tsaya a gaban allon sanarwa tana karanta jadawalin jarrabawar bara.

Sha biyu saura biyar sakatariyar ta sauko. Ba ta koma bayan taga ba, ta zo inda suke.

"Shugaban sashe ya ce ransa ya ɓaci matuƙa, amma babu abin da zai iya yi," ta ce. "Ya iya faɗin haka. Bana aikinsa ke nan." Ta miƙa wa Smaranda ambulan ɗin. "Ga abin da ya rage. Gurbin biya ba ya buƙatar takardar asali, fotokwafi ya isa. In kika shiga, a ƙarshen shekara ana sake jera ɗalibai da maki, na sama su koma na gwamnati."

"Zan sayar da motar," in ji Costache, tun kafin ta rufe baki. "Da shanu biyu."

"Ka sayar da motar, madarar a kanka za ka riƙa ɗauka?" Smaranda ba ta ɗaga murya ba. "Doamna, baɗi guraben nawa ne?"

Doamna Otilia ta cire tabarau ta bar shi ya faɗa kan ƙirjinta. "Ban sani ba. Ana cewa talatin. In talatin ne, mutum takwas za su sauka, babu mai hawa. Ba zan yi miki ƙarya ba, na tsufa da wannan."

"To na gode."

"Anda," in ji uban.

"Shekara shida ne karatun, Baba. Mota ɗaya gare ka."

Sakatariyar ta zaro wani fom daga aljihun rigarta ta ba Costache. Ta ce na neman sabuwar takarda ne, a cike a kai makarantar gari idan sun buɗe, ko ba don jami'a ba yarinya ba ta zama ba takarda. Agogon coci ya fara bugawa. Ta jira ya gama sha biyun, ta koma bayan tagarta, ta buɗe, ta kira lamba talatin da tara da muryar da take kiran kowa.

Paraschiva ta miƙe. Dole ta wuce ta gabansu. Ta tsaya, ta dubi Smaranda, ta dubi ƙasa.

"Je ki, Doamna," in ji Smaranda. "Za ta rufe."

Matar ta ƙarasa tagar, ta fara kwashe tuffa tana jerawa a kan katako don ta kai ga takardar da ke ƙasan kwando. Ɗaya ta gangara ta faɗi ta bi baranda. Babu wanda ya ɗauko ta.

Motar Italiya ran Asabar take tsayawa, ƙarfe goma na safe, a gidan man da ke bakin gari. Mata ne galibi a wurin, da manyan jakunkuna da kwalaben miya da aka naɗe da tawul, kowacce da mai rakiya da ya gaji da rakiya. Aurica ta kira sau biyu da safen. Da Smaranda ta yi magana. Da aka miƙa wa Costache wayar ta ce ba yanzu ba.

Ya fito da fom ɗin ya shimfiɗa a kan murfin motar madara. Ya riga ya cike suna da adireshi da manyan haruffa. Saura dalili da sa hannu. Dalilan a jere suke, kowanne da ɗan akwatinsa: ta ɓata, an sace, ta ƙone, ta yage, an liƙe ta a roba. Ya daɗe yana kallon na ƙarshen. Har akwati aka yi masa, an buga shi a inji, dubbai. Ya rasa ko wannan sauƙi ne ko ƙarin wulaƙanci, cewa hukuma ta san da irinsa tun tuni ta zauna tana jiransu.

"Wanne zan sa?" ya tambaya. "Ai ta yage ma."

"Sa gaskiya, Baba."

Ya sa. Ta karɓi biron ta sa hannu a ƙasa, murfin motar yana ƙona mata gwiwar hannu.

"Idan ta fito, ka bar ta a hannunsu," ta ce. "Kada ka karɓo. Kada ma ka je ganinta."

"Ke za ki zo ki karɓa?"

"In sun bar gurbi."

"Za su bari. Ba za su daidaita duka ba."

Ta dube shi, ta gyara masa wuyan riga da ya naɗe. "Saniyar gidan Gavrila, mai jan kunne, saura mako biyu ta haihu. Ɗan a juye yake, na taɓa na ji. Ka gaya musu su kira likita tun da wuri, kada su ce za su ja da igiya."

"Zan gaya musu."

"Ba za su kira ba."

"Ba za su kira ba," ya yarda.

Direba ya fara kiran sunaye daga wata takarda, yana zagin masu jaka uku. Smaranda ta sumbaci ubanta a kumatu biyu, ta ɗauki jakarta ta hau. Costache ya bi tagogin da ido, ɗaya bayan ɗaya, bai gan ta ba. Kujerarta ta ɗaya gefen ce. Ya yi tunanin ya zagaya, sai motar ta tashi, ya tsaya a inda yake yana ɗaga wa matan wasu hannu har ta sha kwana.